Dashen haƙori: tambayoyin da mutanen Zariya suka fi yi da amsoshinsu

Maganar dashen haƙori ta fara yawa a garin nan, musamman wurin waɗanda mashin ya kayar suka rasa na gaba, da iyayenmu da turamensu suka ƙare suna fama da tauna. Matsalar ita ce kowa da abinda ya ji, wani yace rana ɗaya ake gamawa, wani yace ƙarfen yana kawo cutar kansa, wani kuma ya ɗauka irin haƙorin Makka ne. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa nan, na amsa su yadda abin yake, amma dai bakin kowa daban ne, sai likitan haƙori ya leƙa naka ya ga hoto kafin a yanke magana.

Wai tsakani da Allah haƙorin wani ake cirowa a dasa maka?

A'a, ba haƙorin kowa bane, ba na gawa ba, ba na dabba ba. Abu uku ne ake haɗawa. Na farko wata 'yar kusa ce mai zare-zare ta ƙarfen titaniyam, ita ake ɗaurawa a cikin ƙashin muƙamuƙi a daidai inda saiwar haƙorin da ya fita take. Na biyu ɗan mahaɗi ne da ake ɗaurawa a kan kusar ya leƙo ta saman dasashi. Na uku shine hular, wato farin haƙorin da mutane zasu gani in kayi dariya, ana yinsa da tangaran ko zakoniya (wani farin abu mai tauri kamar tangaran) a daidaita launinsa da sauran haƙoranka. Kaga kenan abinda ake dasawa saiwa ce ta ƙarfe, haƙorin kuma daga baya yake hawa.

Ƙarfe a cikin ƙashi, ga miyau kullum, bazai yi tsatsa ba?

Titaniyam baya tsatsa a jiki, kuma abin mamakinsa shine ƙashi baya gudunsa, manne masa yake yi har su zama kamar abu ɗaya. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano haka a 1952 yana bincike kan gudun jini a ƙashin zomaye, ya saka musu wata 'yar na'ura ta titaniyam, da ya zo cirewa ta ƙi fita saboda ƙashi ya kama ta. A 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gothenburg, mutumin ya rayu da su sama da shekara 40 har ya rasu suna bakinsa. Irin ƙarfen nan dai shi ake amfani da shi a wasu ayyukan ƙashi na ƙugu da karaya, toh ba sabon abu bane da ake gwaji a kanmu.

Meye bambancinsa da haƙorin Makka da kuma na roba da ake cirewa?

Haƙorin Makka kwalliya ne, rufi ne na zinare ko azurfa da ake sakawa a kan haƙorin da yake nan da ransa, baya maye giɓi. Na roba kuma yana maye giɓi amma a kan dasashi yake zaune kawai, kana cire shi da dare ka wanke, yana iya motsi in kana magana ko tauna, kuma bayan 'yan shekaru zaka ga ya fara sakwaf-sakwaf saboda ƙashin ƙarƙashinsa yana ta raguwa. Akwai na uku da ake kira gada, inda ake feƙe haƙoran da ke gefe da gefen giɓin a ɗora musu hula uku a haɗe, na tsakiyar ya rufe giɓin. Gada tana da kyau kuma tafi sauri, sai dai an taɓa lafiyayyun haƙora biyu saboda guda ɗaya.

Dashe shi kaɗai ne baya jingina da maƙwabta, kuma shi kaɗai ne yake ba ƙashi aiki. Amma fa kar wani ya raina na roba, in aljihu bai kai ba ko lafiya bata bari ba, na roba mai kyau da aka auna bakinka aka yi yafi zama da wawulo nesa ba kusa ba.

Malam ni turmi ɗaya ne ya fita can ciki, ba mai gani, dole sai na saka?

Ba dole bane, amma ka san abinda zai biyo baya. Babba yana da haƙora 32 kuma kowanne yana tokare da ɗan'uwansa, in ɗaya ya fita na gefensa sukan fara karkatowa cikin giɓin a hankali, na sama da ya rasa abokin haɗuwa ya fara zazzagowa, abinci ya riƙa maƙalewa a sabbin tsagogin da suka buɗe, sai kuma ka koma tauna da gefe ɗaya ba tare da ka lura ba. Wanda yafi damun masu dashe shine ƙashin wurin, da zarar saiwa ta bar shi yake fara shanyewa, kuma a watannin farko zuwa shekara ɗaya yafi saurin raguwa. Shi yasa wanda ya zo da giɓin wata 3 aikinsa yafi sauƙi da arha a kan wanda ya zo da giɓin shekara 10. In haƙorin ƙarshe ne na can ƙurya wanda yake fitowa bayan mutum ya girma, shi kam ba a ma maye shi.

Kowa zai iya yi? Babanmu yana da suga da hawan jini

Tsufa shi kaɗai baya hanawa, ana yi wa 'yan shekara 70 da sama in jikinsu da ƙwari. Hawan jini in ana shan magani ya daidaita ba matsala bane. Suga ne abin lura, saboda suga da ya hau yana hana rauni warkewa kuma yana jawo ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, dan haka likita zai nemi gwajin HbA1c wanda yake nuna yadda sugan ya kasance a wata 2 zuwa 3 da suka wuce, ba wanda Baba zai yi azumin tuwo kwana biyu ya je ya gwada ya fito da kyau ba. In ya daidaita ana yi lafiya lau.

Sauran waɗanda dole su faɗa wa likita gaskiya tun ranar farko: mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin (kar ka daina da kanka, likitan da ya rubuta maka shi zai ce a yi kaza), mai shan maganin ƙarfafa ƙashi ko wanda ake masa allurarsa, wanda aka taɓa yi wa gashin cutar kansa da na'ura a kai ko wuya, da mai sikila wanda sai an haɗa da likitansa na jini an tsara. Mai ciki a bari ta haihu tunda ba aikin gaggawa bane. Yaro kuma sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wajen shekara 18 zuwa sama, saboda dashen baya tafiya tare da girman ƙashi, in aka yi da wuri sauran haƙora zasu wuce shi su bar shi a gajarce. Kafin nan ana masa na wucin gadi.

Sai taba. Sigari da shisha suna rage jinin da ke zuwa dasashi, kuma masu shan su sun fi kowa samun dashen da ya ƙi kamawa. Wanda zai zuba wannan uban kuɗi a baki ya kasa ajiye kwali na 'yan watanni, gaskiya gara ya riƙe kuɗinsa. Haka mai ciwon dasashi, wanda in ya goge baki jini ke fita ko haƙoransa na girgiɗi, sai an fara magance wannan tukuna, saboda cutar da ta kayar da na asali zata iya kayar da na dashe.

Akwai zafi? Ni allura ma tsoronta nake

Allurar kashe wuri ake yi a dasashi irin wadda ake yi wajen cire haƙori, kana farke, zaka ji ana dannawa da ƙarar inji da ruwa a baki amma ba zafi ba. Dashe ɗaya da ba wata matsala yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Mutane da yawa suna cewa cire turmin da ya ruɓe yafi basu wahala. Zafin yana zuwa ne bayan allurar ta sake, kuma irin wanda farasitamol da ibufurofen suke iya masa ne na kwana 2 zuwa 3. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya faɗa kafin a rubuta masa ibufurofen.

Wata nawa ake ɗauka gaba ɗaya? Naji wasu suna tallan haƙori a rana ɗaya

Nan ne yawancin mutane suke samun saɓani da likita, saboda sun zo da tunanin za a saka yau gobe su ci tsire. Ga yadda yake tafiya. Zuwan farko dubawa ne da hoto, akwai hoton da ke nuna baki gaba ɗaya, akwai kuma CBCT mai nuna kauri da tsayin ƙashin da inda jijiya ta bi, wannan yana da muhimmanci sosai saboda a muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, a na sama kuma akwai kogon iska na gefen hanci, duk ba a so kusa ta taɓa su. Daga nan a wanke baki, a cike masu rami, a cire wanda ya mutu. Sai ranar dashen, a buɗe dasashi a huda ƙashi a hankali a ɗaura kusar a ɗinke. Sai jira, wata 3 zuwa 6, na ƙasa yafi saurin kamawa saboda ƙashinsa yafi tauri, na sama yafi jan lokaci. Bayan nan a saka mahaɗi, a bar dasashi ya zagaye shi na sati biyu ko makamancin haka, a auna, a kai wurin masu haɗa hular, a dawo a ɗaura.

Jiran nan shine aikin gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuba dakin na siminti ya san ba a cire katako a hau gini a sama washegari ko da saman ya bushe, toh haka ƙashi yake, dasashi zai warke a sati biyu ka ga kamar komai ya gama alhali a ciki ƙashin bai gama kama ƙarfen ba, in aka ɗora masa nauyi yana motsi sai wani nama ya shiga tsakani maimakon ƙashi, shikenan an yi asara.

Na rana ɗaya da ake talla gaskiya ne ana yi, amma ga wanda ƙashinsa ke da kyau kuma kusar ta ɗauru tam tun ranar, sannan haƙorin da ake saka maka ranar na wucin gadi ne, ba na tauna ba, na dindindin sai bayan watannin nan dai. In haƙorin gaba ne kana jin kunyar fita da giɓi, ana baka na roba ka riƙa sakawa kafin lokacin.

An ce ƙashina bai isa ba sai an yi ciko, da me ake cikon?

Ana ƙara ƙashi ne a wurin da ya shanye dan kusa ta samu abin kamawa. Ana iya ɗebowa daga jikinka, ko a yi amfani da garin ƙashi da aka sarrafa na saniya, ko na ɗan adam daga ma'ajiyar da aka tanada, ko wanda aka haɗa a masana'anta ba daga wata halitta ba. Akwai kuma kayan da ake yi daga alade, musamman 'yar fatar da ake rufe cikon da ita, dan haka ka tambaya kai tsaye, likita wannan daga me aka yi shi, haƙƙinka ne kuma akwai zaɓi. In cikon kaɗan ne ana yinsa rana ɗaya da dashen, in babba ne sai ya warke na wasu watanni tukuna. A turamen sama wani lokaci sai an ɗan ɗaga shimfiɗar kogon hancin an cika ƙarƙashinsa, wanda aka yi wa wannan kar ya fyace majina da ƙarfi na kamar sati biyu, in atishawa ta zo ya buɗe baki.

Na dawo gida daga asibiti, me zan yi me zan bari?

Ka cije audugar da aka saka maka na minti 30 zuwa awa ɗaya, kar kayi ta cirewa kana leƙawa. Miyau mai ja-ja a ranar farko ba komai bane. A awa 24 na farko banda kurkure baki da ƙarfi, banda tofar da miyau da ƙarfi, banda zuƙar abu da tsinken lemo, saboda gudan jinin da ya toshe wurin shine farkon warkewa, in ya fita aiki ya dawo baya. Ƙanƙara a cikin tsumma a kan kunci, minti 15 a ɗaga a huta a sake, ko ledar fiya wata mai sanyi in ba wuta. Dan Allah Hajiya banda gashi da ruwan zafi a kwana biyun farko, na san shi muka saba yi wa kumburi amma a nan ƙara shi yake yi. A kwanta da filo biyu. Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta 2 ko ta 3 sannan ya fara saɓewa, kar ka tsorata in ka tashi ka ga kunci ya fi jiya.

Daga rana ta biyu a fara ruwan gishiri mai ɗumi, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya, ka riƙe a baki ka juya kai a hankali ka bar shi ya zubo, bayan kowane cin abinci. In an baka ruwan kurkure baki mai chlorhexidine kayi amfani da shi iya kwanakin da aka ce, yana ɗan rina haƙori in an daɗe. Sauran haƙora a ci gaba da goge su, wurin ɗinkin ne kawai ake kaucewa. In an rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta a shanye shi duka. Banda cusa kanumfari, tafarnuwa, toka ko wani haɗi a kan ɗinkin, banda taɓawa da harshe ko yatsa. Ɗinki ana cire shi a kwana 7 zuwa 14, wani zaren kuma da kansa yake narkewa. Mai aikin ofis ko koyarwa yakan koma bayan kwana ɗaya ko biyu, mai aikin ƙarfi ko ɗan ƙwallo ya huta 'yan kwanaki.

Me zan ci?

Ranar farko mai sanyi ko mai ɗumi-ɗumi, kuma sai allura ta sake kar ka ciji leɓe baka sani ba. Nono, yogot, fura da aka dama ta yi laushi sosai, koko ko kunu da ya huce, ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai. Bayan kwana biyu alale, faten dankali, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji sosai, kifi da aka cire wa ƙaya, duk a tauna ta ɗaya gefen. Na san Bazazzagi zai ce ai shikenan an bar mu da fate, toh a yi hankali, faten tsaki yana da tsakin masara da gyaɗa da ke shigewa cikin ɗinki, a bari sai an cire zare.

Waɗanda za a yi sallama da su har likita ya bada izini: rake, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi, gasasshiyar masara, goro, goruba, ƙashin kaza da guringuntsi. Kuma a ci abinci sosai, wasu saboda tsoro sai su zauna da shayi kawai, jiki kuwa yana buƙatar abin gina nama kafin ya warke.

Alwala fa da asuwaki da azumi?

A ranar farko ka ɗan saka ruwa a baki ka bar shi ya zubo ba tare da wasa da shi ba, wanda aka ɗaga wa kogon hanci kuma ya sassauta wajen shaƙa ruwa da fyacewa. In sujada tana sa wurin bugawa ko jini a ranar farko, ka tambayi malaminka sauƙin da shari'a ta yi wa mara lafiya. Asuwaki a ci gaba da shi a sauran haƙora, amma kar ya kusanci wurin sai ya warke, kuma bayan an saka hula ma shi kaɗai baya isa tsakanin haƙora.

Azumi kuwa shawarata kawai a tsara aikin kafin Ramadan da sati biyu zuwa uku ko bayan Sallah, saboda akwai magungunan da ake sha sau uku a rana ga ruwa da jini a baki lokacin aikin. Amma Babbar Sallah ma a duba, ba daɗi ana soya nama kai kana kunu.

Ya halatta a addini? Wani yace canza halitta ne

Mayar da abinda ya lalace magani ne, kuma malamai suna kafa hujja da hadisin sahabi Arfaja ɗan As'ad wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya saka na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya saka na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. Wanda zuciyarsa bata kwanta ba ya je wa malamin da ya yarda da shi da bayanin kayan da za a saka masa.

Ta yaya zan gane abin ya samu matsala?

Ka koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka baka ba in jini ya ƙi tsayawa duk da ka danne da auduga, in zafi ko kumburi suna ƙaruwa bayan kwana 3 zuwa 4 maimakon raguwa, in akwai zazzaɓi ko mugunya ko wari, in leɓe ko haɓa ko harshe sun ci gaba da mutuwa har washegari, ko kaji dashen yana motsi. Maganar mutuwar leɓen nan kar a yi mata kawaici, da wuri ake iya gyara ta. In kumburi ya sauko wuya ko haɗiya da numfashi suna wahala, wannan na gaggawa ne ko tsakar dare ne, kar a tsaya kemis. Dashen da ya ƙi kamawa ana cire shi, wurin ya warke, sau da yawa a sake wani ya zauna.

Nawa ne? Kuma inshora tana biya?

Yana da tsada, maganar ɗaruruwan dubban naira ake a kan haƙori ɗaya, wani wurin ya haura miliyan, kuma farashin yana bin dala saboda kusar da mahaɗin da kayan ciko duk daga waje suke zuwa. Abinda zan ja kunne a kai shine ka sa a rubuta maka lissafi a takarda: hoto nawa, kusa nawa, mahaɗi nawa, hula nawa, ciko in za a yi nawa, zuwa dubawa daga baya yana ciki ko a'a, kuma in bai kama ba wa zai ɗauki nauyin sakewa. Sau da yawa farashin da ake faɗa a waya na kusar ne kawai, sai bayan wata 4 mutum ya ji ashe hula kuɗinta daban. Alherin dai shine tunda aikin mataki-mataki ne, biyan ma ana iya rarraba shi. Inshorar lafiya galibi tana tsayawa ne a dubawa, cirewa da ciko, dashe kam mutum ya shirya daga aljihunsa, amma ba laifi ka tambayi ofishin da ke kula da katinka.

A ina zan fara a nan Zariya? Ko in fita waje?

Ka fara da dubawa a wurin likitan haƙori na gaske. Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen haƙori da tiyatar baki da muƙamuƙi, can za a duba ka a faɗa maka ko ka dace da dashe da kuma inda ya kamata a yi. Wasu suna zuwa asibitocin kuɗi a Kaduna, Kano ko Abuja. Ko ina ne ka tabbatar likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci da likitocin haƙori lasisi a Najeriya, ka tambaye shi ko ya saba yin wannan aikin, ya nuna maka hotonka ya yi maka bayani. Wanda zai huda maka ƙashi ba tare da hoto ba, tashi ka tafi. Kuma ka karɓi katin da ke ɗauke da sunan kamfanin kusar da lambarta da girmanta, akwai irin su Straumann, Nobel Biocare da Osstem, kowanne da nasa mahaɗi da sukudireba, in wani abu ya kwance bayan shekaru wani likitan sai ya san wanne ne a bakinka kafin ya iya taɓawa.

Masu zuwa Masar, Turkiyya ko Indiya su saka a lissafi cewa tafiya biyu ce aƙalla, ta dashe da ta hula, kuma su nemi likita a gida da ya yarda zai riƙa duba su, saboda ranar da noti ya kwance ba jirgi zaka hau ba.

In an gama shikenan har abada?

Bincike da yawa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 suna nan daram bayan shekara 10, kusar tana iya kai mutum ƙarshen rayuwa, hular ce takan gaji ko ta ɓalle a canza ta. Baya ruɓewa kuma baya rami, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna kamuwa da cuta in datti ya taru, kuma abin haushin shine sau da yawa ba zafi, sai dai jini wajen gogewa da ɗan wari, kafin mutum ya farga ƙashi ya zaizaye. Dan haka burushi mai laushi da makilin safe da dare, zaren sakace ko ɗan siririn burushin nan na tsakanin haƙora, sannan zuwa wankin baki da dubawa duk wata 6 ko yadda likita ya tsara. Banda sakace da allura ko tsinken tsintsiya.

Wani abu kuma, haƙorin asali yana da 'yan jijiyoyi a kewayen saiwarsa da ke gaya maka ka cije da yawa, na dashe bashi da su, zaka iya danna tsakuwar cikin shinkafa da ƙarfi baka ji ba sai hula ta tsage. Buɗe kwalba da haƙori ya ƙare. Goro ana iya ci bayan an gama amma a fasa shi ƙanana, kuma ka sani haƙoranka na asali zasu rine su bar na dashen da launinsa, sai ya fita daban. Mai cizon haƙora cikin barci ya faɗa a yi masa robar da ake sakawa da dare.

Zai hana ni shiga na'urar hoton MRI ko ya yi ƙara a filin jirgi in zan tafi Umara?

A'a. Maganaɗisu baya jan titaniyam, kuma ƙanƙantarsa bata isa ta tada na'urar bincike ba. Ka dai faɗa wa masu ɗaukar hoton kana da shi.

Kakarmu ba haƙori ko ɗaya, sai an dasa 32?

Ko kusa. Kusa 4 zuwa 6 suna iya ɗaukar jerin haƙoran sama ko na ƙasa gaba ɗaya a ɗaure. Akwai mai sauƙin kuɗi kuma, a dasa 2 a ƙasa a yi mata na roba mai maɓalli da ke kamawa a kansu, tana cirewa ta wanke amma baya zamewa in tana cin abinci ko magana. Ga tsofaffi da yawa wannan ya wadatar kuma yafi sauƙin tsaftacewa.

Yanzun nan ƙanina ya faɗi a mashin wajen Kwangila haƙorin gaba ya fita ɗungurungum, dashe za a yi?

Ku nemo haƙorin tukuna, wataƙila ba sai an kai ga dashe ba. A riƙe shi ta farin kan, kar a taɓa saiwar, kar a kankare ko a goge da sabulu, in da ƙasa a jiki a ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwa mai tsafta. In zai iya a mayar da shi raminsa ya cije tsumma mai tsafta, in bazai iya ba a saka shi a cikin madara ko miyan bakinsa, banda naɗewa a takarda ko tishu ya bushe. A kai shi wurin likitan haƙori cikin awa ɗaya, da an fi sauri da an fi samun damar ya kama, za a ɗaure shi da maƙwabtansa na kamar sati biyu a kuma duba maganar allurar tetanus. Wannan na haƙorin manya ne, na yaro na nono ba a mayar da shi saboda zai iya lalata wanda ke tahowa a ƙasa. In kuma ya bugu a kai, yana amai ko ya suma ko baya gane mutane, sashen gaggawa za a fara kai shi, haƙorin ya biyo a cikin madararsa.